Tarihi Ba Ya Tsayuwa Sai Da Isnadi

Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta, da wanda ya ji daga bakinsa. Wannan shi ne isnadi, kuma shi ne ma'aunin da muke kira ga 'ya'yanmu na jami'a su riƙe, in za su rubuta tarihin Wurno da Rabah da Goronyo.

Da farko, a nemi asali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno, ya kuma rasu a can cikin 1837, ya wallafa Infaƙul Maisuri a 1812, yana ba da labarin jihadin da shi kansa ya halarta. Shaidar gani da ido ke nan. Irin waɗannan littattafai da wasiƙu suna nan ajiye a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da kuma Arewa House a Kaduna.

Na biyu, a auna abin da aka samu, domin tsufan takarda ba shi ne ingancinta ba. Wa ya rubuta? Yaushe? Wa ya kwafa? Bajamushen nan Barth ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Da ya wuce Gwandu sai ya sami Tarihus Sudan, ya jingina shi ga Ahmad Baba, alhali kuwa na Abdurrahman Assa'adi ne. To, in mai himma irin tasa ya yi tuntuɓe, ina ga ɗalibi mai gaggawa?

Na uku, a ambaci mafari: sunan mawallafi da na littafi, da inda yake ajiye, da lambar waraƙa. In ruwayar baka ce, a faɗi mai ruwayar da ranar da aka ji. Cin amanar ilmi ne mutum ya ɗauko magana ya ɓoye mai ita.

Ku kuma attajirai da ma'aikata, da yawanku kun gaji gafakar kakanni, gara da ɗigar damina suna cin ta. Littafin Murray Last na 1967 a kan Daular Sakkwato ya samu ne don Waziri Junaidu ya buɗe masa taskarsa. Ku bari a ɗauki hoton takardunku tun suna karantuwa, gama waraƙar da gara ta cinye ba ta da madadi.

Allah Ya sa mu dace, amin.