Karatu A Ƙasar Waje: Darasin Da Ba Ya Cikin Littafi

Idan Allah Ya nufi wani yaro na Kafin Dafga, ko na wani gari a ƙasar Karaye da Rogo, da samun gurbin karatu a Azhar ko Jami'ar Musulunci ta Madina, mukan ga iyaye suna ta kai da kawowa: a nemo fasfo, a ɗinko riguna, a cika jaka da kuka da daddawa. Abin da ba mu cika gani ba shi ne a tambayi yaron ko ya san yadda ake kaɗa miyar.

Alhali kuwa ran da ya sauka Alƙahira ba uwa, ba ƙanwa, ba yaron aike. Shi zai je kasuwa ya yi ciniki da Larabcin kan titi, wanda ya sha bamban da na Ajurumiyya. Shi zai bi layi don sabunta takardar zama, ya wanke tufafinsa, ya raba kuɗin wata guda su kai shi kwana 30. In ciwo ya zo da dare, shi zai nemi likita.

Magabatanmu sun bi wannan hanya. A 1954 gwamnatin Arewa ta tura Malam Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, da wasu 'yan'uwansa malamai zuwa Bakhtur Ruda a ƙasar Sudan, domin Turawan mulki ba su so su tafi Masar, saboda tsoron siyasarta. Makarantar horon malamai ce da aka kafa a 1934 a karkara, kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu, nesa da jin daɗin birni. Bayan 'yan shekaru aka ɗora masa kula da alhazanmu a Jidda, a 1962 kuma ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa. A ganinmu, aikin alhazai yana bukatar wanda ya san baƙunci, ba nahawu kaɗai ba.

Wasu na ganin girki da wanki ƙasƙanci ne ga ɗalibin ilmi. To, ya tabbata daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa, ya gyara takalminsa da hannunsa.

Lamarin kuma ba na tukunya kaɗai ba ne. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, aka kwashi ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki suna jira cikin sahara. A irin wannan rana, ajiyar takardu da tattalin guzuri da iya magana da jami'i su ne jarin ɗalibi. A shekarar nan ce kuma darajar Naira ta faɗi ƙwarai, abin da uba ke aikawa ya ragu tun kafin ya isa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata: wata 3 kafin tafiya, a damƙa wa yaro kuɗin cefanen gida, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a duba littafin tare da shi kowace Juma'a. Mahaifiyarsa kuma ta sakar masa murhu sau 2 a mako, ko da tuwon zai yi gudaji.