Juna Biyu a Ƙasar Miji: Wa Ke Biyan Kuɗin Asibitin Baƙuwa a Ingila?

Da yawa daga cikin iyalan da aiki ko karatu ya raba tsakanin ƙasashe biyu suna ɗauka cewa matar aure tana shiga ƙarƙashin duk wata inuwa da mijinta yake ciki, har da ta kula da lafiya, ta yadda idan shi ana duba shi a asibiti kyauta, ita ma za a duba ta da zarar ta sauka a ƙasar. Wannan zato ya yi daidai da yadda aka san aure a ƙasar Hausa, inda ci da sha da tufafi da maganin mace suke wuyan mijinta, amma dokokin lafiya na ƙasashe irin su Birtaniya ba a kan igiyar aure aka gina su ba, a kan matsayin zaman mutum a ƙasa aka gina su. Ingila ce ta fi dacewa a duba a wannan batu, saboda yawan 'yan Najeriya da ke karatu da aiki a can, kuma saboda ƙa'idojinta a rubuce suke dalla-dalla.

An kafa Hukumar Lafiya ta Ƙasa a Birtaniya, wadda aka fi sani da NHS, a shekarar 1948, kuma ana tafiyar da ita ne da kuɗin haraji, shi ya sa marar lafiya ba ya biyan kuɗin ganin likita ko na kwanciya a asibiti. Sai dai wannan gata na wanda doka ta amince cewa mazauni ne, wato wanda yake zaune a ƙasar bisa halal, da niyyar zama, kuma idan baƙo ne daga ƙasashe irin su Najeriya ko Nijar ko Gana, sai ya kasance yana da izinin zama na dindindin. Fasfo kaɗai ba ya wadatarwa, domin ko ɗan Birtaniya da ya yi ƙaura ya koma zama a wata ƙasa ana iya cajinsa idan ya zo ziyara ya kwanta asibiti, balle kuma matar da abin da ya haɗa ta da ƙasar shi ne mijinta. Wanda ya zo da bizar da ta wuce wata shida, kamar ɗalibi ko ma'aikaci ko matar da aka ba bizar zaman aure, yana shiga tsarin ne ta hanyar biyan wani kuɗi na musamman tun lokacin neman biza, wato harajin lafiya na baƙi, wanda aka fara karɓa a 2015 a kan fam 200 a shekara, ya yi ta hawa har ya kai fam 1,035 a watan Fabrairu na 2024, ɗalibai da yara kuma fam 776. Matar da aka biya mata wannan kuɗi tana samun awo da haihuwa kyauta, ko da ta shigo ƙasar da cikinta.

Mai bizar ziyara ba ta cikin wannan rukuni. Bizarta ba ta ba ta damar zama fiye da wata shida a zuwa ɗaya, ba a karɓar harajin lafiya daga hannunta, kuma ko ta so ta biya babu hanyar yin hakan. Haka lamarin yake ga wadda ta zo da bizar baiko, wadda ake bayarwa na wata shida domin a ɗaura aure a can. Abin da ya sa wannan matsala ta ƙara fitowa fili shi ne sauye-sauyen da gwamnatin Birtaniya ta yi a 2024: daga watan Janairu aka hana yawancin ɗalibai tahowa da iyalansu, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, a watan Maris aka yi wa masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya irin wannan hani, sannan a watan Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar da ɗan ƙasa ko mazauni zai nuna kafin ya kawo matarsa daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara. Kafin hanin, Najeriya ce take kan gaba wajen yawan iyalan ɗalibai da ake ba biza, don haka ba abin mamaki ba ne idan ziyara ta zama ƙofar da ta rage wa ma'aurata da yawa.

Ƙa'idojin cajin baƙi na Ingila, waɗanda aka fitar a 2015, sun wajabta wa asibitoci su karɓi kashi 150 cikin ɗari na farashin da hukuma ta ƙayyade wa kowane aiki, wato farashin da rabinsa a kai, daga baƙin da ƙasashensu ba su da yarjejeniyar lafiya da Birtaniya, kuma Najeriya da Nijar suna cikin waɗanda ba su da ita. A kan wannan lissafi, awo da haihuwa da kulawar bayan haihuwa sukan kai kimanin fam 7,000, kuma adadin yana haurawa sosai idan aka yi tiyata, ko aka kwantar da uwar kwanaki, ko jaririn ya zo bakwaini aka sa shi a kwalba. Bashin kuwa a kan matar yake, da sunanta ake rubuta shi. Akwai ayyukan da kowa yake samu kyauta ko mene ne matsayinsa, kamar rajista da likitan unguwa, da dubawar sashen gaggawa kafin a ba mutum gado, da maganin wasu cututtuka masu yaɗuwa irin su tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki, amma awon ciki da haihuwa ba sa cikinsu. Haka kuma an keɓe wasu mutane daga biya baki ɗaya, irin su 'yan gudun hijira da masu neman mafaka da waɗanda aka yi safararsu. Sikotilan da Wales da Ailan ta Arewa kowace tana da nata ƙa'idojin, don haka bayanin nan ya shafi Ingila ne.

Wani sashe na dokar ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda ya fi ɓacewa a hirar mutane. Tun watan Oktoba na 2017 aka umarci asibitoci su karɓi kuɗi tukuna kafin su yi wa baƙo aikin da zai iya jira, amma duk wata kulawa da ta shafi ciki da haihuwa an sanya ta a sahun abin da ake kira kulawar dole ta nan take, ma'ana ba a jinkirta ta kuma ba a hana ta saboda rashin kuɗi ko saboda tsohon bashi, tun daga awon farko har zuwa ziyarar ungozoma bayan an sauka lafiya. Asibiti yana da ikon aiko da takardar kuɗi daga baya, amma ba shi da ikon mayar da mai ciki gida. Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya san aikin ungozoma, domin cututtukan da ke kashe mata a wannan hali, kamar hawan jinin masu ciki wanda ke kaiwa ga jijjiga, da ciwon sukari na lokacin ciki, da zaman mabiyiya a bakin mahaifa, sau da yawa ba sa nuna alama sai a wurin awo. A tsarin Ingila ana so mace ta ga ungozoma kafin cikin ya cika mako goma, a yi mata hoton ciki sau biyu, na farko tsakanin mako 11 da 14, na biyu tsakanin mako 18 da 21, kuma a farkon nan ne ake gwajin sikila, wanda ya fi shafar mutanen Afirka ta Yamma. Idan tsoron bashi ya haɗu da alkunyar da ke sa mace ta ɓoye cikin fari har sai ya fito, to waɗannan makonni sukan wuce ba tare da kowa ya duba ta ba.

Tsoron kuwa yana da tushe. Idan bashin asibiti ya kai fam 500 kuma ya yi wata biyu ba a biya ba, asibiti yana miƙa sunan mai bashin ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda take iya ƙin ba ta biza a gaba, har da bizar zaman auren da iyalin suke fata. Amma ba a miƙa sunan idan an yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan da ofishin kula da baƙi na asibitin kuma ana cika alkawari, don haka amsa wasiƙar asibiti da wuri ya fi ajiye ta a ƙarƙashin katifa. Ƙungiyar Maternity Action, wadda ke ba mata shawara kyauta a kan wannan batu, ta wallafa rahoto a 2018 da ya nuna yadda mata ke ƙaurace wa awo saboda takardun kuɗi, kuma a ƙarshen wannan shekarar manyan ƙungiyoyin likitoci, har da ta likitocin mata da ta likitocin yara, suka nemi a dakatar da ƙa'idojin. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin dokar da ta ce ba za a hana mace kulawa ba, sannan ta rataya makomar zamanta da mijinta a kan bashin wannan kulawa, ta bar mata zaɓin da bai kamata a ɗora wa mai ciki ba.

Inshorar tafiya, wadda mutane ke saye suna ganin sun toshe wannan ɓaraka, ba kasafai take toshe ta ba. Inshora yarjejeniya ce ta biyan asarar da ba a zata ba, haihuwa a lokacinta kuwa abu ne da aka sani tun watanni, shi ya sa yawancin kamfanoni ke biyan matsalar da ta taso kwatsam kawai, kamar zubar jini ko ɓari, kuma zuwa wani mako da suka ƙayyade, ba sa biyan awo ko haihuwar da aka shirya, wasu ma ba sa ɗaukar nauyin jaririn da aka haifa a tafiyar. Inshorar Yuro 30,000 da ake buƙata kafin a ba da bizar ƙasashen Shengen, irin su Faransa da Jamus, ita ma ta gaggawa ce. A Amurka wata doka ta 1986 ta hana asibitoci korar matar da ke naƙuda, amma ba ta yafe mata kuɗin ba. Lokaci ma yana da nasa hukuncin, domin kamfanonin jiragen sama da yawa suna neman takardar likita daga mako 28, kuma ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, ko mako 32 idan tagwaye ne, ta yadda matar da ta yi jinkirin komawa gida, inda uwa da dangi ke jiran su yi mata wankan jego, tana iya samun kanta ba ta da halin tafiya alhali kwanakin bizarta suna ƙarewa. Kuma a ƙa'ida ba a sauya bizar ziyara zuwa ta zaman aure daga cikin Birtaniya, sai an koma gida an nema.

Lissafin jariri daban yake da na uwarsa. Tun ranar 1 ga Janairu 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, sai idan ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin, kuma irin wannan yaro, idan a can zai zauna, yana samun kulawa kyauta ko da uwarsa ana bin ta bashin haihuwarsa. Idan kuwa uban ɗalibi ne ko ma'aikaci da ya biya harajin lafiya, jaririn yana samun kulawa kyauta na wata uku daga ranar haihuwa muddin ba a fita da shi daga ƙasar ba, kuma a cikin waɗannan watanni ne ake so iyaye su nema masa izinin zama su biya masa nasa harajin, in ba haka ba asibiti zai fara lissafa shi a matsayin baƙo daga wata na huɗu.