Tsiron Dawa: Daga Ina Zaƙin Kunu Yake Fitowa?

Duk wanda ya taɓa shan kunun zaƙi na hannun gwanaye, ko a kasuwar Talata Mafara ko a ƙauyukan Bakura irin su Dakko, ya san akwai wani zaƙi a cikinsa wanda ba na sukari ba ne. Zaƙi ne mai sanyi, ba ya dukan harshe, kuma ɗan tsami yana biye da shi. Shi ne dai ake ji a ƙarƙashin ɗanɗanon lemon malt na kwalba, irin su Maltina. To amma in ka tauna busasshiyar dawa, gari kawai za ka ji a baki. Ina zaƙin yake ɓoye?

Ƙwayar dawa rumbu ce. Mafi yawan abin da ke cikinta sitaci ne, wanda uwar shuka ta tanadar wa ɗan tsiro a matsayin guzuri. Shi kuwa sitaci ba kome ba ne illa dubban ƙwayoyin sukarin gulukos da aka ƙulla kamar tsakiya a zare. Saboda tsawonsa, harshe ba ya jin zaƙinsa, ɗan tsiron ma ba ya iya cinsa. Da zarar an jiƙa dawa ta sha ruwa, sai ta farka, ta shiga ƙera wasu sinadarai da ake kira enzayim, musamman amiles, waɗanda aikinsu shi ne tsinka wannan zare gunduwa-gunduwa. Ana haka sai mutum ya shanya tsiron a rana, girma ya tsaya, enzayim ɗin kuwa su saura a ciki suna jiran ruwa. Wannan busasshen tsiro shi ne malt. Daga tsiron sha'ir ne Payen da Persoz na ƙasar Faransa suka fara ware enzayim a 1833.

Har zuwa shekarun 1980 masana'antun Nijeriya daga Turai suke sayo tsiron sha'ir. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shi, dole aka waiwayo kan dawa. Irin nan na SK5912, gajerar kaura wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar, yana cikin waɗanda aka fi nema. Sai dai dawa ta zo da gardama iri biyu. Sitacinta ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye a ma'aunin Salshiyas, alhali na sha'ir yana nuna tun wajen digiri 60. Zafin da zai dafa sitacin dawa kuwa yakan lalata enzayim ɗin da ake so su narkar da shi. Bayan haka, tsiron dawa yana da ƙarancin beta-amiles, wato enzayim ɗin da ke samar da sukarin maltos. Ɗaya daga cikin dabarun da masana suka bi ita ce a tsame ruwan da ke ɗauke da enzayim a ajiye gefe, a dafa sitacin shi kaɗai, in ya huce a sake haɗa su.

A nan ne nake so ɗalibi ya tsaya ya dubi madafar gidansu. Mai dama kunun zaƙi takan raba ƙullunta gida biyu. Ta sheƙa wa kaso mafi yawa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bari ya sha iska, sannan ta zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da tsiro ko busasshen dankali, ta rufe ya kwana. Da safe abin da ya yi kauri jiya ya tsinke, ya kuma yi zaƙi. Dankalin nan na Hausa yana cikin tsirran da suka fi kowane yawan beta-amiles, wato ainihin abin da dawa ta gaza a kai. A ganina wannan bincike ne cikakke, sai dai waɗanda suka yi shi ba su bar mana sunayensu ba.

Launin ƙasa-ƙasa na malt daga wuta yake. Idan aka gasa tsiro, sukari da sinadaran gina jiki sukan haɗu su haifar da launi da ƙamshi, abin da Maillard ya bayyana a 1912. Shi ne ke sa ɓawon burodi da tsire su yi ja. Da irin wannan gasasshen tsiro Ingila ke samun launin giyarta mai duhu. Kamfanonin lemo kan ƙara sukari da ƙonannen sukari a kai, saboda haka kada a ɗora wa dawa dukan zaƙin da ke cikin kwalba.

Inda sukari yake, ƙananan halittu ba sa nisa. Bakteriya masu samar da asid ɗin laktik, waɗanda Pasteur ya yi rubutu a kansu a 1857, su ke fara sauka, su ne masu kawo tsami, kamar yadda suke yi wa nono. Yis kuma yana juya sukari ya koma barasa da iskar kabon dayokzaid. Burukutu ma da tsiron dawa ake yin ta; babban bambancin shi ne ana barin yis ya yi kwanaki yana aiki. A Zamfara, inda dokar shari'a ta hana giya tun 2000, wannan ba ƙaramin zance ba ne ga mai sayar da kunu. Kunun da ya wuni ya kwana a zafin bazara, har gorar ta kumbura tana huci in an buɗe, alama ce yis ya kama aiki. Sanyi yana rage masa hanzari, tafasawa tana kashe shi.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa yana kashe shanu, musamman wanda fari ya taɓa. Dalili shi ne sinadarin durin da ke cikin ɗanyen tsiro, wanda ke sakin gubar sayanaid idan an tauna shi. Busasshiyar ƙwaya ba ta da shi sai ɗan kaɗan, amma yana taruwa a cikin toho da saiwar tsiro. Don haka wajibi ne a murje busasshen tsiro, a sheƙe tohon da saiwar kafin a kai niƙa, kada kuma a bar yara su ci shi ɗanye.

Malamin da ba shi da ɗakin gwaji yana iya nuna aikin amiles da kofi uku. A dama koko marar sukari, a bari ya huce har yatsa ya iya jurewa, a raba uku. A bar na farko haka nan, a zuba garin tsiro a na biyu, na uku kuma a sa garin tsiron da aka riga aka tafasa. Bayan awa biyu a ɗebi kaɗan daga kowanne a ɗiga masa aidin. Na farko da na uku za su yi shuɗi mai duhu, na biyu kuwa zai tsinke, launinsa ya fi sauran haske. Abin da aidin ya taɓa zubarwa ake yi, ba a ɗanɗanawa.