Birkin da ke bugun tafin ƙafa

Ranar da na fara jin ABS yana aiki, na ɗauka birkina ne ya lalace. Damina ce, kwalta ta jiƙe sharkaf, ina kan hanyar Zariya sai ga akuya ta faɗo titi. Na danne birki iya ƙarfina, sai na ji yana bugun tafin ƙafata, gir-gir-gir, kamar ana niƙa tsakuwa a ƙarƙashin mota. Tsoro ya sa na ɗaga ƙafa. Allah ya tsare, amma ɗagawar nan kuskure ce babba.

Tayar da birki ya ƙame ta jan ƙasa kawai take yi, ba ta bin sitiyari. Ka murɗa dama, mota ta zarce gaba abinta. Wannan ne ABS ke hanawa. A kowace ƙafar mota akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya, ga ɗan sansa a gefensa yana ƙirga haƙoran yana kai wa kwamfutar birki rahoto. Da ta ga taya guda na shirin tsayawa alhali sauran na gudu, sai ta sassauta matsin man birki a ƙafar, ta sake matsewa, sau goma ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Famfon da tsofaffin direbobi ke yi da ƙafa ke nan, sai dai babu ƙafar da za ta iya wannan sauri. Bosch da Mercedes-Benz sun fito da nasu ABS a Jamus a 1978. Kai dai danne, kada ka saki, ka ci gaba da sarrafa sitiyari. A yashi ko tsakuwa kuwa, mota na iya ƙara tafiya kafin ta tsaya.

Sansa yana zaune ne inda laka da ruwa ke dukansa. Datti kan toshe shi, waya kan tsinke, boris ya ci ya ɓata lissafi. Idan haka ta faru, kwamfuta kan janye hannunta ta kunna fitila ruwan ɗorawa a dashbod. Birki na nan yana kamawa, amma irin na da, mai ƙame taya. In jar fitilar birki ta kunnu tare da ita, faka mota a duba man birki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cire ƙwan fitilar don a sayar da mota. Kafin ka biya kuɗi, murɗa makulli ka zuba ido: fitilar ABS ta kunnu, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu da kanta. In ba ta kunnu ba sam, nemi mai na'urar duba mota.