Hayaƙin salansa: Yadda ake gano inda tsohon inji mai turbo ke shan baƙin mai

A shataletalen Mokola da ke Ibadan, inda hanyoyin Dugbe, Sango da Agodi suka haɗu a ƙarƙashin gadar saman da aka buɗe a 2013, cunkoso kan tilasta wa mota tsayawa na mintuna injinta na aiki. Da zarar hanya ta buɗe direba ya taka totur, wasu motocin kan saki curin hayaƙi mai ratsin shuɗi. Wannan hayaƙi alama ce ta baƙin mai da ke ƙonewa a inda bai kamata ba.

Lamarin ya shafi mazauna Sabo, unguwar Hausawan da aka kafa a 1916 wadda ta bunƙasa da cinikin goro da shanu, domin har yau zirga-zirga tsakaninta da Arewa ba ta yanke ba. Daga cikin motocin haya da ke bin dogayen hanyoyin akwai tsofaffin Volkswagen Sharan, Golf da Passat da aka shigo da su bayan sun ci ƙasa a Turai, kuma wasunsu na ɗauke da inji mai turbo, irin su 1.8T na fetur da 1.9 TDI na dizal.

Abu na farko shi ne tantance launi. Baƙin hayaƙi na nufin fetur ko dizal ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, galibi saboda matatar iska ta toshe da ƙura, ko nozul ya lalace, ko tiyon turbo ya fashe. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto kuma na raguwa, yana nuni ga gasket ɗin kan inji. Tururin da ake gani da sanyin safiya ya ɓace cikin mintuna ba matsala ba ne. Na baƙin mai shi ne shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, mai ƙauri.

Lokacin da hayaƙin ke fitowa ya fi launinsa ba da bayani. Idan mota ta kwana, aka tayar da ita ta yi hayaƙi na ɗan lokaci sannan ya ɗauke, mafi yawa robobin wuyan bawul ne suka bushe, mai na tsiyaya cikin silinda da dare. Haka kuma idan direba ya sauko daga tudun Mokola ƙafarsa ba ta kan totur, ya sake takawa a ƙasa hayaƙi ya biyo baya. Amma idan hayaƙin na ƙaruwa ne a hawa ko da kaya, zargi kan koma kan ringin fistin ko turbon kansa.

A nan ne masu motoci da yawa ke asarar kuɗi. Turbo fankoki biyu ne a kan sanda ɗaya: hayaƙin inji na juya ɗaya, ɗayar na cusa iska cikin silinda, kuma sandar kan juya fiye da sau 100,000 a minti tana iyo a kan siririn baƙin mai. Man na shiga da matsi ta ƙaramin bututu, amma nauyinsa ne kawai ke mayar da shi ƙasan inji ta wani bututun. Idan na biyun ya toshe da dasƙararren mai, ko matsin iska ya taru a cikin injin saboda bawul ɗin numfashinsa ya mutu, man ba shi da mafita sai ya tsallake zuwa salansa ko hanyar iska. Turbo lafiyayye ma zai yi yoyo a wannan hali, kuma wanda aka sayo a kasuwar kayan gyara ta Agodi Gate aka ɗaura zai bi sahun na farko cikin makonni.

Saboda haka bakanike mai lura kan fara da abin da ya fi arha. Yana duba geji ko an cika mai fiye da ƙima, ya duba matatar iska da bawul ɗin numfashi da tiyoyinsa. Daga nan ya kwance tiyon da ya fita daga turbo: ɗan maiƙo a jikinsa ba abin tsoro ba ne a tsohuwar mota, amma mai kwance har yana zuba magana ce daban. Inji a kashe kuma a huce, yakan taɓa sandar turbon da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe na halitta ne, amma idan tana shiga tana fita, ko fankar na gogar bango, turbon ya gama aiki.

Kafin a sauke inji, akwai awon matsin silinda. Ana cire fulogogi a auna kowace silinda, kuma bambancin da ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 abin bincike ne. A injin fetur, idan aka ɗiga mai kaɗan a silindar da ta gaza awon ya tashi, ringi ne. Idan bai motsa ba, a duba bawul. Sai dai ringin da ke share mai kan iya maƙalewa da gawayi alhali awon na nuna lafiya, don haka sakamako mai kyau bai wanke fistin gaba ɗaya ba.

Direba ma na da nasa awon. Ya cika mai zuwa layin sama a shimfiɗaɗɗen wuri, ya rubuta kilomita, ya sake dubawa bayan kilomita 1,000, abin da bai zarce tafiyar Ibadan zuwa Kano da yawa ba. Inji mai shan fiye da lita ɗaya a wannan tazara na buƙatar bincike ko da ba a ganin hayaƙi, domin matatar hayaƙin cikin salansa, wadda ake kira indomi a gareji, kan ɓoye shi har sai ita ma ta toshe.

Al'adar zuba mai mai kauri ko maganin kaurara shi na rage hayaƙi na ɗan lokaci, amma tana jinkirta isar mai ga turbo idan aka tayar da inji. Injin 1.8T ya yi suna wajen dasƙarar da mai idan aka jinkirta juye ko aka zuba wanda bai dace ba. Kashe mota nan take bayan doguwar tafiya ma na dafa man da ya rage a cikin turbo. Barin inji ya yi aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu na rage hakan.

Haɗarin ya fi girma a injin dizal. Idan turbo ya zubar da mai da yawa cikin hanyar iska, injin kan mayar da shi makamashi ya riƙa gudu shi kaɗai, ko an zare makulli ba ya mutuwa. A mota mai giyar hannu, abin yi shi ne a taka birki sosai, a sa giya mafi girma, a saki kuloci domin injin ya shaƙe. Yawan hayaƙi kuma na cikin laifukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke cin tara a kansu.