BABI NA UKU: ƘAMSHIN FATA MAI ƘAURI DA NA TABA A TURAREN ASALI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an bayyana turaren asali da cewa shi ne wanda aka haɗa da kayan da aka tatso daga tsirrai ko dabbobi kawai, ba tare da an sa masa sinadaran da ake ƙerawa a masana'anta ba. A wannan babi kuwa za a dubi wani rukuni na wannan turare, wato mai ƙamshin fata da ƙaurin hayaƙi da kuma na ganyen taba. Za a yi bayanin asalinsa, da kayan da ake haɗa shi da su, sannan a tattauna matsalar da masu sana'ar ke fuskanta dangane da lafiyar mai shafawa.

3.1 Asalin Ƙamshin Fata

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, ba daga fata ake tatso ƙamshin fata ba. Ɗanyar fata ba ta da komai sai ƙarni da ɗoyi. Abin da hanci ke shaƙa ya kira ƙamshin fata, ƙamshin kayan jima ne da mayukan da aka shafa mata. Wannan ya sa kowace ƙasa take da nata. Fatar da majeman Kano da Sakkwato suka jeme da bagaruwa, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ƙamshinta daban ne da na fatar Rasha ko ta Sifen.

A Turai, dangantakar jima da turare ta fi fitowa fili a garin Grasse na kudancin Faransa. Tun asali garin majema ne. Da yake a wancan zamani ana jiƙa fata da fitsari da kashin dabbobi, safar hannun da aka ɗinka da ita takan yi warin da masu hali ba sa iya jurewa. Saboda haka aka shiga turara ta da ƙamshin furanni. A ƙarni na 16 da na 17 safar hannu mai ƙamshi ta zama ado a fadar Faransa. Da tafiya ta yi tafiya sai jima ta ja baya, haɗa turare ya zama sana'ar garin. A shekarar 2018 hukumar UNESCO ta sa wannan fasaha ta Grasse cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Ƙauri kuwa daga Rasha ya shigo. Majeman ƙasar sukan jeme fata da ɓawon itace, sannan su shafe ta da man kwaltar bishiyar betula domin kare ta daga ruwa da ƙwari. Shaidar ingancin wannan jima ita ce jirgin ruwan Metta Catharina da ya nutse kusa da Plymouth a Ingila a 1786 ɗauke da fatun Rasha. Lokacin da masu ninƙaya suka gano shi a 1973, an tarar da fatu da yawa ba su ruɓe ba, har aka ɗinka takalma da jakunkuna da su.

3.2 Kayan da ke Ba da Ƙamshin Fata

Tun da fata ba ta ba da mai, dole mai haɗa turare ya kwaikwayi ƙamshinta da wasu abubuwa. Muhimmai daga ciki su ne:

(a) Man kwaltar betula. Ana zuba ɓawon bishiyar a rufaffiyar tukunya a gasa shi ba tare da iska ta shiga ba, sai baƙin mai ya tsattsafo. Sinadaran guyakol da kiresol da ke cikinsa su ne ke ba da ƙaurin nan mai kama da na kilishi ko ƙyallen da ya kwana a madafa.

(b) Man kad. Daga itacen Juniperus oxycedrus na ƙasashen Bahar Rum ake samunsa ta wannan hanya ta gashi. Ƙaurinsa ya fi kama da na itacen da wutarsa ta mutu.

(c) Labdanum. Wani danƙo ne da ke fita a ganyen tsiron Cistus, kuma Sifen ce kan gaba wajen samar da shi. A da can makiyayan tsibirin Kirit sukan taje shi daga gemun awakin da suka yi kiwo cikin tsiron. Shi ke ba turare ɗumi da zaƙi, ya tausasa kaifin kwalta.

(d) Kastoriyom. Daga wata 'yar jaka a jikin dabbar biba ta Kanada da Rasha ake ciro shi. Ya fi kowane kusa da ƙamshin tsohon kirgi, amma da yake sai an kashe dabbar, masu sana'ar da dama sun ƙaurace masa.

(e) Coya nak. Man ne da ake tatsowa a Indiya daga gasasshen murfin dodon-koɗin teku. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin irin murfin ne ake kira farce, wanda matan Barno da Sudan ke sa wa turaren wuta da humra don ƙamshi ya kama jiki.

3.3 Ƙamshin Taba

Saɓanin fata, taba tana ba da nata mai. Asalin tsiron daga nahiyar Amurka yake, kuma sunansa na kimiyya, Nicotiana tabacum, ya samo tushe daga Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal, wanda ya aika da ita fadar ƙasarsa wajejen 1560. Ɗanyen ganye ba shi da ƙamshin kirki. Sai an shanya shi an bar shi ya nuna, launukan karotin da ke cikinsa su farfashe, sannan ƙamshi mai kama da na zuma da busasshiyar ciyawa ya bayyana. Yadda aka busar da shi ma yana da tasiri. Wanda aka shanya a rana ko a inuwa ba shi da ƙauri, amma tabar Latakiya, wadda ta ci sunan wani gari na Siriya, a kan hayaƙin itace ake busar da ita, don haka ta fi kusa da rukunin fata.

Wajen tatsowa, akan jiƙa busasshen ganyen cikin sinadarin hekzen, a tsame ruwan a sami wani abu mai kauri kamar kakin zuma, sannan a wanke shi da etanol a tace. Abin da ya rage mai ne mai duhu da kauri. Da yake nikotin guba ce da ke ratsa fatar mutum, akan cire ta kafin a sayar. Yawanci akan haɗa wannan mai da ƙwayar tonka ta Kudancin Amurka, mai ɗauke da sinadarin kumarin, da kuma banila.

3.4 Bunƙasar Rukunin da Matsalar Lafiya

Wannan rukuni ya yi tashe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da matan Turai suka fara shan taba a bainar jama'a. Kamfanin Caron ya fitar da Tabac Blond a 1919, Molinard ya fitar da Habanita a 1921, wanda da farko don ɗiga wa karan sigari aka yi shi, Chanel kuma ya biyo da Cuir de Russie a shekarun 1920. Sai dai waɗannan ba turaren asali zalla ba ne. Tun 1868 William Perkin ya ƙera kumarin a ɗakin gwaji, kuma a 1944 Germaine Cellier ta gina turaren Bandit a kan wani ƙerarren sinadari mai suna aisobutil kwinolin.

A nan ne mai turaren asali ke shiga tsaka mai wuya. Ba ya amfani da ƙerarren sinadari, ga shi kuma gashin da ke samar da ƙaurin betula da kad shi ne dai ke haifar da sinadarai irin su benzofayirin masu jawo ciwon daji. Saboda haka ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, ta hana amfani da ɗanyen waɗannan mayuka, sai wanda aka sake tacewa. Tacewar kuma takan rage wa man wani ɓangare na kaurin ƙamshinsa. Mafita ita ce a ɗiga tataccen man kaɗan ƙwarai, a cike gurbin da labdanum da man taba da saiwar jema.

3.5 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa ƙamshin fata kwaikwayo ne na kayan jima, yayin da na taba ake tatso shi daga ganyen kansa. Haka kuma ya nuna cewa kasancewar abu daga tsiro ba ya nufin ba shi da illa, domin mafi ƙarfin kayan ƙauri su ne suka fi buƙatar tacewa da awo. A babi na huɗu za a dubi yadda ake auna waɗannan kaya da tsawon lokacin da ake ajiye haɗin kafin ya nuna.