GIDAJEN DA IDO BA YA GANI CIKIN JIKINMU



A wata cibiyar yaƙi da jahilci ta karkarar Tawa, wani dattijo ya tsai da ni bayan darasi. Ya ce: "Mushe, an ɗebi jinin jikana a likita. An ɗiga shi bisa gilashi, an leƙa cikin wani madubi, aka ce an ga cuta. Ni ma na dubi jinin nan, ja ne kawai. Mi suke gani wanda ni ba na gani?" Na yi masa alkawarin amsa cikin jarida, don ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba.

Baba, abin da suke dubawa shi ne ƙwayoyin halitta.

In ka hango gari daga nesa, dunƙule ɗaya kake gani. In ka matso, sai ka ga gidaje ne, kowane da dangarsa da mutanensa. Haka jikin mutum yake, haka na akuya, haka karan hatsi. Duk mai rai an gina shi da ƙananan gidaje masu rai. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Madubin da ke nuna su sunansa mikroskop.

Albasar Galmi ta ishe mu misali. Ka ɓare ta. Tsakanin ɓawo da ɓawo akwai wata ƴar fata siririya wadda haske ke ratsawa. In an shimfiɗa ta ƙarƙashin mikroskop, za a ga ƴan ɗakuna jere kamar tubalin gini. Kowane ɗaki ƙwaya ɗaya ce. Wani Bature na Ingila, Robert Hooke, shi ya fara ba da labarinsu a 1665. Ya yanka ɓawon iccen da ake toshe kwalba da shi, ya ga ramuka kamar saƙar zuma, ya kira su ƙananan ɗakuna. A 1674 kuma wani mai sai da yadi a ƙasar Holan, Leeuwenhoek, ya duba ruwan tabki da gilashin da ya goge da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna iyo a ciki.

Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Sai an jera jajayen ƙwayoyin jini fiye da 100 kafin su cika milimetir 1. Ɗigon jinin da bai kai ƙwarar hatsi ba yana ɗauke da wajen miliyan 5. Jikin babban mutum kuwa yana da ƙwayoyi wajen miliyar dubu 30, alhali mutanen duniya duka ba su wuce miliyar 8 da ƴan kai ba.

To, mu shiga gida ɗaya mu gani.

DANGA DA ZAURE

Kowace ƙwaya tana da fata da ta kewaye ta. Ita ce dangar gida. Da maiƙo aka yi ta, kuma tana da ƙofofi masu yawa. Kowace ƙofa da mai gadinta. Abinci ya zo, a buɗe masa. Ƙazanta ta taru, a fitar da ita. Baƙon da ba a sani ba, ya tsaya waje. In dangar nan ta yage, ƙwayar ta mutu.

Akwai wata doka a bakin dangar nan wadda ya kamata kowa ya riƙe: ruwa gishiri yake bi. Inda gishiri ko sukari ya fi yawa, can ruwa ke tafiya. Uwar gida, kin san wannan ko ba a faɗa miki ba. Kin yanka albasa, kin barbaɗa gishiri, jim kaɗan sai ki ga ruwa ya kwanta cikin kwano. Gishirin ne ya jawo shi daga cikin ƙwayoyin. Kai ma manomi, in ka zuba takin zamani da yawa dab da gindin hatsi, ƙasa kuma ba danshi sosai, shuka ta ƙone. Ba wuta ta ci ta ba. Takin ne ya tsotse ruwan saiwa.

Dokar nan tana ceton yara. Yaro mai zawo yana zubar da ruwa da gishirin jikinsa. Ƙwayoyinsa suna motsewa. Shi ya sa idonsa ke faɗawa, maɗigarsa ta lotsa. A cikin hanji akwai wata ƙofa mai ban mamaki: ba ta barin gishiri ya shiga sai tare da sukari. In sun shiga tare, ruwa sai ya bi bayansu zuwa cikin jini. Dalilin ruwan gishiri da sukari ke nan. Wanda ake bayarwa a likita cikin ƴar takarda ya fi, don an auna shi daidai. In babu, a samu ruwa mai tsabta litir 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri wai don ya fi aiki. In ya yi yawa, ruwan jikin yaron zai jawo waje. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kama hanyar likita.

Bayan danga sai tsakar gida. Cike take da wani ruwa mai kauri kamar kunu. A cikinsa sauran kayan gida suke.

TURAKAR MAI GIDA

A tsakiya akwai wani ɗaki mai nasa bango. Shi ne cibiyar ƙwaya, turakar mai gida. Nan ake ajiye kundin gado. Ba da tawada aka rubuta shi ba. Wani zare ne siriri da masana ke kira ADN, an naɗe shi dunƙule 46. In da za a warware zaren ƙwaya ɗaya tak, a haɗa shi baki da baki, zai kai wajen metir 2. A cikinsa aka rubuta launin fatarka da ƙirar hancinka da irin jininka. Kundin da ke cikin ƙwayar ido shi ne ke cikin ƙwayar hanta. Kowace dai shafin aikinta take buɗewa.

Daga cikin dunƙule 46 ɗin nan, 23 na uba ne, 23 na uwa. Babu wanda ya fi wani rabo. Ɗa ba na uba kaɗai ba ne, uwa ba jaka ba ce da aka ajiye kaya.

Ga kuma maganar da nake so maza su karanta sau biyu. Cikin dunƙulen akwai biyu da ke sa jariri ya zama namiji ko mace. Ana kiransu X da Y. Mace X biyu gare ta, don haka X kaɗai take iya bayarwa. Namiji yana da X da Y. In X ya fito daga wajensa, a haifi mace. In Y ya fito, a haifi namiji. Shi ma ba shi ke zaɓa ba, ikon Allah ne. Amma duk wanda ya saki matarsa don tana haifa masa ƴan mata, ya hukunta wadda ba ta da hannu ko kaɗan cikin lamarin. Na ga an yi haka, ba sau ɗaya ba.

MURHU

Gidan da ba a hura wuta ba gida ba ne. Murhun ƙwaya sunansa mitokondiri. Tuwon da ka ci yana narkewa cikin hanji ya zama sukari. Jini ya kai shi ƙofar kowane gida. Shi ne iccen girki. Iskar da kake shaƙa ita ce mafici. Murhun nan ba ya yin harshen wuta, a hankali yake ci, amma yana ba da ƙarfi da ɗumi. Shi ya sa jikin mai lafiya ke tsayawa wajen digiri 37, ko da sanyin hunturu. Hayaƙin kuwa shi ne iskar da kake fitarwa ta hanci. Ƙwayar da ta fi aiki ta fi yawan murhu. Ta naman zuciya, wadda ba ta hutawa dare da rana, tana da dubbai. Wani abin dariya: murhun nan daga uwa kaɗai ake gadonsa. Mata suka ji haka a cibiya, suka ce dama sun sani.

Akwai kuma masu sana'a. Wasu ƙanana ne ƙwarai, ana ce musu ribozom. Su ne maƙera da masaƙa: saƙo ya zo daga turaka, su ƙera abin da aka ce, ko na gashi, ko na tsoka, ko na nono. Wani sashe yana ɗaure kayan cikin ƴan buhuna ya aika waje. An sa masa sunan Golgi, likitan Italiya da ya gano shi a 1898. Wasu ƴan jakunkuna kuma su ne masu shara, suna narkar da abin da ya tsufa.

GIDAN TSIRO

Ƙwayar tsiro ta fi tamu da abu uku. Bayan danga tana da katanga mai tauri, ita ke tsai da kara. Kowane sili na auduga ƙwaya ɗaya ce doguwa, katangarta muke kaɗawa mu yi zare. Tana da babbar randa a tsakiya. In randar ta cika, ganye ya miƙe. In ta yi ƙasa, ya yi yaushi, kamar tumatir ɗin garka da rana tsaka. Na uku, tana da ƴan koraye da ke kama hasken rana, su haɗa ruwa da iska su yi sukari. Mu sai mun nema muke ci, tsiro a gida yake yin nasa. Wanda ya zage ganyen wake tun yana ɗanye don dabbobi, ya rage masu yi wa ƴaƴan abinci.

ABIN DA AKA GANI CIKIN JININ

Yanzu mu koma ga jikan Baba. Jar ƙwayar jini gida ce da ba ta da turaka. Ta fitar da ita don ta sami wurin ɗaukar iska. Tun da ba kundi, ba ta iya gyara kanta. Kwana 120 take yi ta mutu. Ɓargon ƙashi yana yin sababbi wajen miliyan 2 kowane sakan. Aikin nan yana son sinadarin ƙarfe, wanda ake samu cikin hanta da nama da wake da ganye kamar zogale. In ya yi ƙaranci, iska ba ta isa murhu, sai kasala da jiri. Mata masu ciki sun fi kowa fama da wannan.

Cutar masassarar sauro ita ma ƙwaya ɗaya ce mai rai. Sauro ya zuba ta cikin jini, ta fara sauka hanta, sannan ta kutsa cikin jajayen ƙwayoyi. Ta ci, ta hayayyafa, bayan kamar kwana 2 ta fasa gidan, ƴaƴanta su faɗa wasu gidaje. Lokacin fashewar nan ne jiki ke kyarma. Wani likitan sojan Faransa, Laveran, shi ya fara ganinta cikin jinin marar lafiya a Aljeriya, a 1880. Ita ma'aikacin likita ke nema bisa gilashi. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, shi ya sa ake awo kafin a ba da magani.

Akwai kuma amosanin jini. Lafiyayyar ƙwayar jini kewayayya ce, mai laushi, tana ratsa ƙaramar jijiya ba wuya. Ta mai amosanin jini tana lanƙwashewa kamar lauje, ta ƙage, ta toshe hanya. Nan ciwon ƙashi ke fitowa. Ba ta kuma wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jinin yaron ke ƙarewa. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne. Kuskuren harafi ɗaya ne cikin kundin gado, kuma sai yaro ya gado shi daga uba da uwa duka biyu yake kwantawa. Mai AS lafiya lau yake yawo, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da shi ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba: ana iya samun biyu a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Ido ba ya gane mai AS, sai awon jini. A Yamai akwai cibiya ta ƙasa mai kula da wannan ciwo, kuma ma'aikacin likitar garinku zai gaya muku wuri mafi kusa da ake awon. Sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, don irin jini ba ya sakewa. A yi shi tun ba a kai goron tambaya ba.